Hangen Hasumiya Ba Shiga Birni Ba: Sharhi A Kan Hoton Masallacin Agadas Cikin Hazo

Akwai wani hoto wanda da wuya a sami mutumin da ya yi zaman aji a ƙasar Nijar bai taɓa cin karo da shi ba, ko a jikin kalanda, ko a bangon littafi, ko a rataye a ofishin shugaban makaranta, a ƴan shekarun nan kuma a Facebook da WhatsApp. Hoton hasumiyar babban masallacin Agadas ne da sassafe, a tsakiyar hunturu. Rana ta fito amma ba ta da kaifi, ta yi fari kamar sabon faifai, har ana iya kallon ta ido da ido. Hazo ya lulluɓe gari, ya shafe iyakar sama da ƙasa. Daga cikin wannan toka-toka hasumiyar ta miƙe, gindinta da faɗi, tana tsukewa sannu a hankali har ƙololuwa, itatuwa sun fito daga jikinta ta kowane ɓangare kamar ƙayar beguwa. A ƙasa ga fili fetal, babu kowa, in ban da wani lokaci mutum guda mai rawani da ya ba da baya. Masu ɗaukar wannan hoto suna da yawa, Turawa da ƴan ƙasa, tun zamanin da ake kai hoto wanki har zuwa zamanin wayar salula, amma wanda ya jera hotunan nasu zai rantse ido guda ne ya gan su duka. Shi ya sa za a iya yi musu sharhi kamar aikin mutum ɗaya.

Ga mutumin Dungas ko na Magarya wannan magana ta gida ce, ko da yake tsakaninsa da Agadas tafiya ce mai nisa. A wannan yanki babu gini irin wannan. Abin da ya fi komai tsawo a yawancin garuruwa shi ne ƙarfen kamfanin waya ko shaton ruwa. Saboda haka ranar da malami ya tashi yi wa ɗalibai bayanin gadon kakanni, wato abin da Faransanci ke kira patrimoine, a kan wannan hoto hannunsa yake fara sauka. Shi ake kafawa a allo a ce yara su siffanta abin da suka gani, shi ne kuma ƙungiyoyin raya al'adu ke so a jikin takardar gayyata. Abin da hoton ya nuna wa yaro, da abin da ya ɓoye masa, su za su zama fahimtarsa game da duk wani tsohon gini, har da zauren kakansa.

A fara ba hoton haƙƙinsa. Yana da kyau, kuma a cikin kyan nasa akwai gaskiya. Hazo ƙasa ce da iska ta ɗaga, hasumiya kuma ƙasa ce da hannu ya kwaɓa ya ɗaga. Idan suka haɗu a idon kyamara launinsu yakan zo ɗaya, har mai kallo ya ji kamar ginin daga cikin iskar ya daskare. Babu wani bayani na baki da zai nuna dangantakar ginin ƙasa da muhallinsa kamar yadda wannan haɗuwar launi take nunawa. Ranar Abzin ta tsaka tana da zafin haske, tana ƙona launi ta yanka inuwa baƙi ƙirin. Hasken safiyar hunturu kuwa mai taushi ne. Sai dai akwai wani amfani na biyu da hazo ke yi wa mai ɗaukar hoto, wanda ba a cika faɗa ba: yana haɗiye wayoyin lantarki, da shagunan bulo, da ledojin da suka maƙale a ƙaya, da babura, da duk abin da zai nuna shekarar da ake ciki. Mai kyamara ya san haka sarai, shi ya sa yake sammako.

To, mece ce ita wannan hasumiya in an yaye mata mayafi? An kafa masallacin a farkon ƙarni na 16, wajen shekarar 1515, a zamanin da ikon Askiya Muhammadu na Songhai ya kai Agadas, kuma mutanen gari suna danganta ginin da wani bawan Allah mai suna Zakariya. Hasumiyar da ake gani yau an sake gina ta a 1844. Tsayinta mita 27 ne, abin da ya sa ake lissafa ta a matsayin mafi tsawo cikin hasumiyoyin ƙasa zalla, kuma a watan Yunin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso garin a watan Oktoba na 1850, shekara 6 kacal bayan sake ginin. Ba shi da kyamara, don haka dole ya tsaya ya duba da idonsa. Ya rubuta sunan ginin yadda ya ji shi a bakin mutane, lafazin da yake daidai da kalmar masallaci ta Hausa, ya kuma ƙirga itatuwan nan: jeri 13 na itacen goruba, an gitta su cikin hasumiyar daga bango zuwa bango, bakunansu sun leƙo waje. Abin lura ne cewa baƙon da ya zo da fensir shekaru 170 da ɗoriya da suka wuce ya fi kusantar ginin bisa ga masu na'urorin yau, waɗanda suke ja da baya domin komai ya shiga cikin hoto.

A kan waɗannan itatuwa ya kamata a dakata, domin a nan hoton ya fi yin kuskure. A cikin hazo sukan fito kamar ado, kuma ɗalibin da aka ce ya siffanta hoton, abin da zai rubuta ke nan: an ƙawata hasumiyar da sanduna. Alhali kuwa aiki biyu suke yi. Na farko suna ɗaure bangayen kada su buɗe, kasancewar cikin hasumiyar rami ne mai matakala. Na biyu, su ne matakan da magina ke takawa idan lokacin yaɓe ya yi. Wato dai hasumiyar tana ɗauke da tsaninta a jikinta. Wanda ya gina ta ya san ruwa da iska za su ci ta, ya san shi zai mutu kafin ta gama buƙatar hannu, sai ya bar wa na baya wurin sa ƙafa. Da wuya a sami wasiyyar da ta fi wannan fitowa fili. A birnin Jenne na ƙasar Mali, inda masallacin da ke tsaye yanzu ginin 1907 ne, itatuwa irin waɗannan ne ke ɗaukar samarin gari duk shekara ranar yaɓe, mata na jido ruwa, yara na tattake ƙasa. A biranen Hausa kuma ba don banza aka yi sarautar Sarkin Magina ba, ba kuma don kwalliya aka san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa ba, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. Duk wannan ilimi na kare bango daga ruwa ne.

Daga nan sai a gane cewa maganar da ake yawan rubutawa a ƙarƙashin hoton, wai hasumiya mai shekara 500, tana buƙatar gyara. Ƙasar da ido ke gani a fatar ginin ta yaɓen baya-bayan nan ce, gangar jikin kuwa ta 1844. Abin da ya shekara 500 shi ne ɗabi'ar komawa a gyara, wadda ta ratsa sarakuna da yaƙe-yaƙe da fari ba ta yanke ba. Ita ce gadon, kuma ita ce hoton ya cire, domin babu magini ko ɗaya a cikinsa.

Zaɓen lokacin ma abin dubawa ne. Hunturu shi ne lokacin da ginin ƙasa ba ya neman kowa: bango ya bushe ƙayau, babu ɗigon ruwa, indararo na hutawa. Hazo ba ya rushe gini. Mai rushe gini damina ce, kuma babu kalandar da ke ɗauke da hoton hasumiya a watan Agusta, sa'ad da ruwa ya zaizaye gindin bango ya bar kwari a jikinsa. Shekaru biyu a jere sun ba da shaida mai ɗaci. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na rufin babban masallacin Zariya ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka. Wannan kuwa shi ne masallacin da Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, wanda masana gini ke kafa misali da bakunansa. A farkon watan Satumba na 2024 kuma tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa mai yawa. Unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006 domin neman shiga kayan tarihin duniya; takarda ba ta tare ruwa ba. Malaman makaranta ba za su manta da wannan damina ba, domin ita ce ta ci rayuka sama da 300 a faɗin ƙasa, ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Hoton zubewar masallacin ya zagaya wayoyi cikin yini guda, kuma ga mutane da yawa a wajen Damagaram, ranar ce farkon ganinsu da shi. (Wata uku bayan haka, a Disamban 2024, aka sake buɗe majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris, wadda gobara ta ci a 2019. Ginin dutse ma hannu yake nema. Bambancin shi ne masu shi ba su taɓa ɗauka cewa zai tsaya da kansa ba.)

Sai maganar shi kansa hazon. Faransanci yana rarrabe brouillard da brume, dukansu tururin ruwa ne da ke kwanciya a kan kogi da kwari da safe ya watse in rana ta ɗaga. Na nan ƙasar kuwa masu hasashen yanayi suna kiran sa brume sèche, wato busasshen hazo. Hausa ta haɗa su duka a kalma guda, kuma ta wannan ƙofa ce wani ɗanɗano na aro ya shigo. Son tsohon gini cikin hazon safe daɗaɗɗen abu ne a zanen Turai. Mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, ya kama ɗaki a gefen filin da ke fuskantar babbar majami'ar birnin Rouen, ya zana fuskarta kusan sau 30 tsakanin 1892 da 1894, ɗaya daga cikin zanen kuma cikin hazon safiya ne. Amma a lura da abin da ya yi. Bai zaɓi sa'a guda ya ce ita ce gaskiyar ginin ba. Ya zana shi da asuba, da hantsi, da rana tsaka, da almuru, cikin haske da cikin gajimare, domin ya nuna cewa ko dutse ba shi da fuska ɗaya. Masu hoton Agadas sun ari sa'a guda daga cikin talatin, suka bar darasin.

Kuma abin da suka ara bai zauna daidai ba, domin hazon Rouen raɓa ce, na Agadas da Dungas ƙura ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Cadi take tasowa, busasshen gindin tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta tun daga Nuwamba har wajen Maris. Ba ta watsewa da hantsi. Takan kwana uku, huɗu, ta hana jirgi sauka, ta fasa leɓe da diddige, ta cika aji da tari. Lokacinta ne kuma lokacin sanƙarau, domin bushewar iska da ƙura suna raunana maƙogwaro su buɗe wa cutar hanya. Wannan ba labarin nesa ba ne: daga Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jahar Damagaram, fiye da rabinsu a gundumar Dungas. Uwar da ta kwana a bakin gadon asibiti a wannan hunturu, in aka nuna mata fari-farin sama aka ce mata natsuwa ce, tana da ikon ta yi shiru ta kau da kai. Yaron da aka koya wa rubuta cewa hazo yana sa zuciya ta kwanta, an koya masa ya ƙaryata hancinsa.

Akwai kuma wani abin mamaki da ya shafi aikin hasumiyar. An ɗaga ta ne domin a hango ta, a kuma yi hange daga kanta. Agadas zango ce ta ayari. Daga Abzin raƙuma ke ƙetara Tenere zuwa Bilma su ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro da su Damagaram da Kano su musanya da gero. Gonakin kudu, irin na ƙasar Magarya da Dungas, suna cikin masu ciyar da wannan fatauci, kuma tsofaffi sun san Buzaye da ke sauka a gonakinsu da rani. Ga madugun da ya fito daga hamada, hasumiyar alama ce ta isowa. Ga mai tsaron gari kuma, wurin hango ƙurar mahara ce tun daga nesa. Safiyar hazo ita ce safiyar da waɗannan ayyuka biyu suke mutuwa: na nesa ba ya ganin ta, na kanta ba ya ganin kowa. Abin da ya rage mata a irin wannan safiya shi ne murya, kiran salla da ke ratsa ƙura ya isa inda ido bai isa ba. Hoto kuwa kurma ne. Ashe ke nan an ɗauke ta a sa'ar da ta makance, da na'urar da ba ta ji.

Filin da ke gabanta shi ya fi shan wahala a hannun masu hoto. A tsarin biranen wannan ƙasa, daga Agadas har Katsina da Damagaram, fada da masallacin Juma'a da fili tare suke tafiya, kuma shi fili wuri ne da aka ƙi ginawa da gangan domin jama'a. Darajarsa tana bayyana ranar Juma'a in sahu ya tumbatsa ya fito waje, ranar hawan salla in dawaki suka yi jafi, dogarai da jajayen riguna suna buɗa hanya, kakaki na tashi; a Agadas kuma har da kwanakin Biyanu a farkon shekarar Musulunci, lokacin da ganguna ke zagaya unguwanni. Nuna fili babu mutane daidai yake da nuna rijiya babu ruwa a ce ga kyan rijiya. Wanda ya san ƙofar fadar Dungas ko ta Magarya ranar salla ya san wannan ba sai an gaya masa ba, amma hoton yana koya masa cewa cunkoson garinsu hayaniya ce, tarihi kuwa shi ne wurin da aka share.

Ya kamata kuma a tambayi inda mai hoton yake tsaye. Da yawa daga cikin hotunan daga sama aka ɗauke su, daga rufin wani babban soro da ke fuskantar masallacin, wanda daga baya aka mayar da shi otal na baƙi. Wannan soro ana danganta shi da Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa sansanin sojan Faransa na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Da dakarun ceto suka iso daga Damagaram, ramuwar da aka yi a kan mutanen gari ta yi muni, aka kashe mutane da dama, ciki har da malamai. Ƙasar da ke kewaye da wannan masallaci ta ga wannan duka. Mai hoto yana tsaye a kan rufin tarihi, ya juya masa ƙafa, yana ɗaukar shiru.

Shirun ma ya sauya ma'ana. A shekarun 1980, lokacin da tseren motoci na Faris zuwa Dakar ke ratsa Agadas kuma baƙi suna cika gari, fili marar kowa abu ne da sai an yi sammako ake samu. Bayan tawayen 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan da aka yi a Arlit a 2010, ƴan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, kuma ga maƙerin azurfa da baduku da ɗan rakiya, fili marar kowa yana nufin tukunya marar wuta. Ga mutanen kudancin Damagaram kuwa Agadas ta zama wani abu dabam: zango a kan hanyar Aljeriya. A watan Oktoba na 2013, wata huɗu bayan shigar birnin cikin jerin UNESCO, aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga cikinsu ƴan ƙasar Kance, maƙwabtan Magarya. Ba a ce hoton hasumiya ya ɗauki nauyin wannan ba. Amma malamin da ya kafa shi a allo a wannan yanki ya kamata ya san cewa cikin ɗalibansa akwai wanda sunan Agadas yake tuna masa da wata inna da ta tafi arewa.

Wanda yake son ganin inda wannan irin kallo yake kaiwa, ya dubi Gobarau ta Katsina. Ita ma hasumiyar ƙasa ce, mai tsayin kimanin mita 15, wadda ruwayar gari ke dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, kuma ita ma masu hoto suna son ta cikin hazo. Sai dai masallacin da take wa hidima ya daɗe da gushewa. Ta saura ita kaɗai, abin ziyara da alamar jaha, kulawarta tana hannun hukuma. Ta Agadas har yau tana da liman da ladan da mamu. Hoton hazo yana yi mata abin da zamani ya yi wa Gobarau, yana raba ta da jama'arta tun tana da su.

Mai karatu yana iya cewa an matsa wa hoto lamba. Hoto ba rahoto ba ne, mai fasaha kuma yana da ikon zaɓen sa'arsa da kusurwarsa, kamar yadda mawaƙi ke da ikon yabon doki ba tare da ambaton mai yankan ciyawa ba. Wannan gaskiya ne, kuma da hoton hazo ɗaya ne cikin goma da babu abin cewa. Matsalar ita ce ya cinye sauran, ya zama shi kaɗai ne fuskar da hukuma da makaranta da ƙungiya suka yarda da ita. Alhali an nuna cewa ana iya kallo ta wata hanya. Aisha Maki, ƴar Damagaram, ta sa wa fim ɗinta na 2021 sunan birnin, Zinder, sannan ta kai kyamararta unguwar Kara-Kara wurin samarin da gari ke tsoro. Wanda ya kalle shi ya san birnin fiye da wanda ya tara katunan hoton fada. A fannin gini kuma, a garin Yama na jahar Tawa, wani manomi kuma magini mai suna Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, daga 1975 ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, aikin da ya sami lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji, ita ma a jahar Tawa, Mariyam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu a 2018, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse. Waɗannan hasumiyoyi da bangaye an san waɗanda suka ɗaga su, an san shekarar. Ba sa buƙatar hazo, kuma ba a cika ganin su a kalanda ba, wataƙila domin suna ɓata labarin da ake so, cewa ginin ƙasa abin da ne.

Wannan labari kuwa yana da farashi a ƙauye da gari. Yaron da ya tashi da imanin cewa ginin ƙasa mai daraja yana can Agadas cikin hazo, ba mai taɓa shi, na gidansu kuma alamar talauci ce, ranar da ya sami kuɗi bulo da kwano zai saya, ko da ɗakin zai zama tanda a watan Afrilu. Ba a zarge shi. Wanda soro ya taɓa faɗo wa da damina yana da hujjarsa, kuma yaɓe duk shekara wahala ce da kuɗi. Amma ya kamata zaɓin ya kasance na wanda ya san abin da ya bari. Dungas tana cikin tsofaffin masarautun Sosebaki tare da Mirya da Waca, tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, kuma ƙasa mai irin wannan tarihi ba ta rasa tsofaffin zauruka da masallatan unguwa da rumbuna, da magina masu furfura da suka san yadda ake jera azara da yadda ake jiƙa makuba. Babu ɗayansu da ya kai mita 27, babu kuma wanda wata hukumar duniya za ta zo ta rubuta.

Hoton da babu shi a bangon aji shi ne na magini a kan itace, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yaro na miƙa masa curin ƙasa, wani na zare tsummoki da sheƙar tsuntsu daga bakin indararo, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ɗaukar sa ba ta buƙatar tafiya Agadas. Wayar kowane ɗalibi ta isa, ƙungiyar al'adu kuma tana iya tara irinsa unguwa-unguwa, da sunan maginin da shekarar ginin a ƙasan kowane. Lokacinsa watan Mayu ne, kafin ruwan shuka, da hantsi, sa'ad da hazo ya daɗe da wucewa kuma kowace tsaga a jikin bango take fitowa fili.